Ƙasa ta Shitu, Sama ta Hansai

Ranar da aka raba gadon Malam Awaisu a Unguwar Maitama, wani ɗan gari da ke gefen titin Funtua zuwa Malumfashi, sai da Liman ya share zufa. Ba wai dukiyar ce ta yi yawa ba, ina! Gona ce ƙwaya ɗaya a gabas da gari, magada kuma biyu: Hansai, ita ce babba, sai ƙanenta Shitu. Abin da ya cakuɗa rabon ɗorawa ce har guda tara a cikin gonar, manya-manya, wasu ma kakan marigayin a haka ya tarar da su.

Liman ya ce a kawo igiya a auna, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Sai ga muryar Hansai daga bayan zana, inda take zaune cikin mata.

"Allah gafarta Malam, a mayar da igiyar nan. Ni da ke ɗakin miji, me zan yi da ƙasa? A ba Shitu gona ya noma, ni a bar mini itatuwan."

Dattawa suka kewaya gonar, suka ɗaga kai suka duba, suka ga babu wanda aka ƙwara. A wancan lokaci wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Gona takan zama ta wani, itacen da ke cikinta na wani, kowa kuma ya san iyakarsa. Liman ya ɗaga murya don na nesa su ji.

"To jama'a, ku shaida. Ƙasa ta Shitu, sama ta Hansai."

Aka shafa fatiha aka watse. Ba takarda, ba dangwala yatsa. Wa zai nemi takarda bayan Liman ya faɗa, mai unguwa na zaune?

Shekara arba'in da ɗoriya Hansai ta yi tana cin saman nan. Gajeruwa ce, baƙa, ga baki kamar aska. Sana'arta daddawa, gidanta kuwa hanci ke riga ƙafa isa. Da zarar sanyi ya ja baya, ɗorawa ta zubo jan furen nan nata mai kama da tuntun hula, Hansai ta daina zama. Kullum da hantsi tana gona, hannu a goshi, tana leƙen rassa. In bazara ta kama, 'ya'yan suka bushe har suna ƙara idan iska ta kaɗa, sai ta fito da doguwar gorarta mai ƙugiya a baki. Garin nan rawaya da ke cikin 'ya'yan na yara ne, su tsotsa su dama. Ɓawon, wato makuba, na masu daɓen ɗaki ne da shafen soro. Kalwa kuwa, ƙwayar ciki, ita ce ta Hansai. A dafa ta yini guda, a surfa da toka, a wanke a rafi, a sake dafawa, a rufe a kwando kwana uku har ta yi warin da ake nema, sannan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Mijinta Malam Sada yakan ce shi dai har yau bai gane ba, mace ya aura ko tukunya. Da ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, tukunyar nan ce ta ciyar da su, ta aurar da matan, ta riƙe mazan a makaranta. Masu sari daga Funtua da Danja har gida suke biyo ta, don ita ba ta san haɗa kalwa da waken suya ba.

Itatuwan kowace da sunanta. Akwai Gurguwa, wadda tsawa ta taɓa karya wa reshe. Akwai Mai Zuma. Babbar cikinsu kuwa, wadda mutum uku ba sa kewaye ta da hannu, Tsohuwa ake ce mata. A gindinta Malam Awaisu ke sallar azahar in aiki ya tsare shi a gona, a gindinta kuma Hansai ta koyi rarrafe.

Shitu, a faɗi gaskiya, ko tsinke bai taɓa karya ba. Mita ce dai ba ta rabuwa da bakinsa.

"Yaya, samanki fa na cinye mini ƙasa. Duk masarar da ke ƙarƙashin Tsohuwa ta ƙi girma."

"Kai kuma in rana ta gasa ka, inuwar wa kake shiga? Ka taɓa yin sallama?"

Haka suke tun suna da baƙin gashi har suka yi furfura.

Sai gari ya fara kumbura. Da farko haihuwa ce, wadda ba a ce mata dakata. Daga baya ɓarayin daji suka hana ƙauyukan yamma sakat, mutane suka riƙa shigowa da tabarmi da tukwane ɗaure a bayan babur, yara a matse a tsakiya. Kowa na neman inda zai kafa ɗaki. Gonakin bakin gari, inda a da auduga ke yin fari fat iyakar ganinka, suka koma fuloti-fuloti, ko'ina turaku da bulo. Shitu ga tsufa, ga 'ya'ya goma sha ɗaya, mazan duk sun isa aure. Ya yanki gefen gona ya sayar.

Wata safiya Hansai na wanke kalwa ta jiyo kukan inji daga gabas. Kafin ta isa Gurguwa na ƙasa, masu gawayi har sun fara gunduwa-gunduwa da ita. Shitu na tsaye gefe, ya kasa haɗa ido da yayarsa.

"Wallahi Yaya na faɗa wa wanda ya sayi filin. Na ce ƙasa na sayar, sama ba tawa ba ce. Dariya ya yi mini. Ya ce a takardarsa, wanda ya sayi fili ya sayi abin da ke kai."

Hansai ta zagi Shitu, ta zagi mai filin, ta zagi injin da wanda ya ƙera shi. Ta kai ƙara wajen mai unguwa, amma ɗan wancan ne yanzu a kan buzu, Liman ya daɗe da komawa ga Allah, shaidun rabo kuma saura biyu, ɗaya ya kurmance. Aka ba ta haƙuri. Abin da aka ba ta ke nan.

Mai Zuma kuwa da bakinta ta bayar. Wata baiwar Allah ce mai suna Inno, daga cikin masu gudun nan, an kashe mata miji, ta zo da yara shida. 'Yan uwanta suka saya mata ɗan fili da ko tabarma goma ba zai ci ba, Mai Zuma na tsaye a tsakiyarsa. Inno ba ta kira masu inji ba. Ta yi tambaya aka nuna mata gida, ta zo ta durƙusa.

"Iya, an ce mini taki ce. Damina ta matso, a shagon wani muke kwana."

Hansai ta dubi yaron da ke goye a bayanta, ta kawar da kai. "Je ki sare," ta ce. Ranta ya ɓaci ƙwarai, abin da ya fi ci mata rai kuma babu wanda za ta zaga.

Haka suka riƙa tafiya, wata da saninta, wata sai dai ta tarar da kututture. Shekarar da Shitu ya rasu saura uku, har da Tsohuwa. Ba a yi arba'in ba sai ga labari: ƙaramar hukuma ta karɓi ragowar gonar daga hannun magada, za ta gina makarantar firamare, ta kuma fitar da titi zuwa sabuwar unguwa.

Wanda ke riƙe da takardun filaye a ƙaramar hukumar ba baƙo ba ne. Awaisu ne, ɗan Shitu na uku, mutum mai shekara arba'in, mai sanyin hali. A ɗakin Hansai aka yaye shi. Sunan mahaifinta ya ci, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, Babana take ce masa. Ta yafa mayafinta na zuwa biki, ta hau mota ta same shi a ofis.

Ya tashi ya ba ta kujerarsa, ya shimfiɗa mata wata ƙatuwar takarda mai zane-zane. Ga makaranta, ga titi, ga inda za a haƙa rijiyar burtsatse.

"Ina itatuwana?" ta tambaya.

"Gwaggo, ba a sa itace a nan."

"To ɗauko wadda ake sa su."

Awaisu ya sosa ƙeya. Ya jawo wata takarda mai gida-gida ya karanta mata: sunan mai fili, tsawon fili, faɗin fili, maƙwabcin gabas, maƙwabcin yamma. Ya juya bayanta, fari fat.

"Takarda ƙasa ta sani, Gwaggo. Ba ta da gidan sama."

"Ashe kun yi karatu kun manta da rabin duniya!"

Bai yi gardama ba. Ya ce mata aji ɗaya a tsohuwar makaranta yara ɗari da arba'in ne, na baya ta taga suke leƙen allo. Ya ce a daminar bara wata mai naƙuda ta haihu a kan hanya don mota ta kasa shiga sabuwar unguwa. Hansai ta san duk wannan. Jikokinta uku suna cikin masu leƙe ta taga. Ta murza bakin mayafi, sannan ta yi magana a hankali, abin da ba halinta ba.

"Babana, ban ce kar a yi makaranta ba. Ku ɗauki biyun. Amma Tsohuwa, don girman Allah. Ita kaɗai ta ishe ni tukunya har in mutu. In ta tafi ba ni da komai na ubana."

Awaisu ya yi ƙoƙari, wannan ko maƙiyinsa zai shaida. Titin a zane ta kan Tsohuwa ya bi sak. Wata uku yana kai gwauro yana kai mari tsakanin ofisoshi. Sa'ar da ya ci, a lokacin akwai wani kwamiti da aka kafa wai don kada gari ya girma ya ɓatar da kamanninsa, tunda dattawa sun fara kukan cewa in mutum ya yi shekara biyu a Legas ya dawo ba ya gane hanyar gidansu. Awaisu ya tsaya gaban kwamitin ya ce ga itacen da ya girmi garin kansa, in aka sare shi me za a nuna wa jikoki? Aka yi ta ja, injiniya na cewa lanƙwasa titi ɓata aiki ne. Daga ƙarshe aka yarda titi ya rabu biyu ya kewaye ta.

Da la'asar ya iso gidan Hansai a kan babur, ko tsayar da shi bai gama yi ba.

"Gwaggo, albishirinki! An bar ta!"

Hansai ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Duk da tsufanta ta taka rawa a tsakar gida, zane na kwancewa. Ta cika masa leda da daddawa, ta sa masa albarka har sai da ya ji kunya.

To, a nan gizo ya yi saƙarsa, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Shi ya ce an bar ta. Ita kuwa abin da kunnenta ya ji, an bar mata. Ɗan harafin nan ne tsakaninsu, ba wanda ya lura.

Aka sare biyun, makaranta ta tashi. Aka zuba kwalta hagu da dama, aka kewaye Tsohuwa da dakali, aka malala siminti har jikin gindinta, sumul, wai don tsafta. Aka kafa shingen ƙarfe, aka shafa mata farin fenti zuwa ƙugu, aka kafa allo. Hansai ta tsaya kan leburorin tana faɗa.

"Ku bar mata wurin shan ruwa! Ɗorawa noma take so a gindinta, kashin shanu take so. Wa ya ce muku bene ce?"

Suka ce haka yake a zane, Iya ta matsa kar siminti ya ɓata mata zane. Ranar buɗewa aka yi kiɗa, aka yanka ƙyalle, aka yi jawabi a kan tarihi. Hansai na can bayan taro, ba ta ji komai ba sai ƙarar lasifika, amma ranta fes, don ta hango jan fure ya cika rassa.

Bazara ta kama. Da hantsi ta saɓa gorarta, kwando a ka, ta tsallaka kwalta da ƙyar tsakanin babura. Tana ɗaga ƙugiya sai wani mai gadi da aka ajiye a wurin, baƙon ido ne a garin, ya riƙe gindin gorar.

"Haba Iya! Kayan hukuma ne. Ba ki ga allo ba?"

"Ban yi boko ba. Karanta mini."

Ya karanta yana bin rubutun da yatsa. "Ɗorawar Hansai, tarihin garinmu. An hana hawa. An hana tsinka."

"To ai ni ce."

"Ke ce wa?"

"Hansai!"

Mai gadi ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa tsofaffi in sun fara ruɗewa. Hansai ta buɗe masa wuta har mutane suka taru, aka buga wa Awaisu waya. Ya zo ya ga gora da kwando. A lokacin ya gane abin da ta ji ran nan.

"Gwaggo, cewa na yi an bar ta. Ba a sare ba."

"An bar wa wa?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce in aka bar mutum ɗaya ya tsinka, gobe yaran makaranta za su hau, ga motoci na wucewa, in wani ya faɗo wa za a kama? Ya ce ta yi masa haƙuri, zai nemo mata takardar izini da sunanta, ita kaɗai.

Hansai ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Izini," ta ce. "A kan gadon ubana." Ba ta zage shi ba, kuma shi da zagin ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauki kwandonta wayam ta koma.

Bazarar nan 'ya'yan Tsohuwa a kan kwalta suka zube. Motoci suka niƙe su, titi ya yi rawaya, awaki na lasa. Hansai ta daina bi ta hanyar.

Takarda kuwa tafiyar hawainiya gare ta. Aka ce sai kwamiti ya zauna. Kwamiti ya zauna, aka ce sai shugaba ya sa hannu. Aka yi zaɓe, shugaba ya canza, aka koma farko. Awaisu bai gaji ba, kunya ma ba ta bar shi ya gaji ba. Ana cikin haka shekara ta kewayo, Tsohuwa ta yi fure tsilla-tsilla. Shekarar da ta biyo ganyen can ƙololuwa ya fito ƙanana, ya kaɗe tun damina ba ta yi nisa ba. Ruwan sama na sauka a kan siminti ya gangara kwata, ita tana tsaye a tsakiya da ƙishirwa. Awaisu ya sa aka fasa simintin, aka zuba taki, amma an makara. Ɓawonta ya riga ya fara ɓanɓarowa da farin fentin a jiki.

A shekara ta uku ya shigo gidan da sallama ƙasa-ƙasa, ya durƙusa ya miƙa mata takarda mai hatimi biyu. Ta ce ya karanta. An yarda Malama Hansai Awaisu, ita kaɗai, ta tsinki 'ya'yan ɗorawar da ke shataletalen makaranta duk shekara, iyakar rayuwarta.

"Gwaggo, ki yafe mini."

"Tashi, Babana. Kai kaɗai ne ka tsaya mata." Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zane. "Ga shi dai yau takarda ta san sama."

Ba ta bar sana'a ba, don ba ta san wata ba. Sai dai yanzu kalwa saye take yi a kasuwar Funtua, wadda ake kawowa daga nesa, ba ta san itacen ba balle mai shi. Masu sari sun ce ɗanɗanon ya canza. Ta ce ta sani.

Wata ranar kasuwa ta dawo da ƙullin kalwa, ta sauka a tasha ta shiga keke napep, ita da wata matashiya baƙuwa da ta zo ganin gida. Da suka doshi makaranta mai keke ya rage gudu.

"Ɗorawar Hansai! Akwai mai sauka?"

"Wai wace ce Hansan nan?" in ji baƙuwar. "Tun ɗazu nake jin sunan."

"Oho, wata tsohuwa ce ta zamanin da," ya ce. "An ce ita ta shuka ta. Ta daɗe da rasuwa."

"Allah ya jiƙanta."

"Amin," in ji Hansai. "Tsaya, a nan zan sauka."

Matar da ta taɓa zagin inji da maƙerinsa ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Ta sauko da ƙullinta, ta jira babura suka wuce, ta tsallaka. Babu mai gadi yanzu, ba abin da za a gada. Daga makaranta ana jiyo yara suna bin malami da ƙarfi, har da jikokinta, kowa a kan benci. Ta ji daɗin wannan, ba za ta yi ƙarya ba. Ta dafa shingen ƙarfen, ta sa hannu a goshi kamar yadda ta saba, ta ɗaga kai. Ba ganye, ba fure, ba ko tsuntsu. Tsakanin busassun rassan babu abin da take gani sai sama, fayau, daga gabas har yamma.

"To, Liman," ta ce, "ga ta nan kuwa, duk tawa."

Hawaye suka zubo mata, ta bar su. Da ta gaji da tsayuwa ta aza ƙullin kalwar saye a ka, ta kama hanyar gida don ta jiƙa ta kafin magariba.